Dabinon da Ya Hana Rabon Gandu

Kai da kake cewa ƙari ɗaya ba ya canza komai, gyara zama ka ji. A garinmu an yi wani dattijo mai gonar dabino, bishiya dubu biyu da ɗari biyar da ashirin cif. Ko ƙofar makarantar boko bai taɓa leƙawa ba, amma ya san adadin nan kamar yadda ya san haƙoran bakinsa, kuma yana ji da shi. A majalisa yakan ce adadinsa mai ladabi ne: ka raba shi gida biyu ya rabu, gida uku ya rabu, haka har gida goma, ba ya barin saura. Ashe wani dillalin filaye na nan gefe yana kasa kunne. Sai ya bi 'ya'yan dattijon maza su bakwai ɗaya bayan ɗaya yana hure musu kunne, a fasa gandu, kowa ya kama ɗari uku da sittin, shi kuwa ya saye kashi-kashi ya yanka fulotai. Da suka zo da maganar, tsohon bai ko ɗaga murya ba. Ya ce ya yarda, amma sai sun rantse kowa zai samu daidai da ɗan'uwansa, ba za a sare bishiya ba, ba za a bar saura ba. Suka rantse har suna rige-rige. Su ba su san tun kwana biyu kafin nan ya dasa ɗan dabino guda a bakin rijiya ba, ya kuma raɗa masa suna Auta.

Ranar rabo aka ƙirga, dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Aka kasa bakwai, Auta ya tsaya. Aka shigo da 'yan'uwansu mata uku aka kasa goma, Auta ya tsaya. Aka ɗauko malamin lissafi daga birni, ya gwada sha ɗaya, ya gwada sha uku, ya yi ta gwaji har hamsin, allinsa ya ƙare, gumi ya jiƙa masa hula. Daga ƙarshe ya ce wannan adadi irin masu taurin kan nan ne da ba sa rabuwa daidai sai ga mutum ɗaya, ko ga mutane yawan bishiyoyin. Dattijo ya shafa gemu ya ce, "To, ko ku zama mutum ɗaya, ko ku je ku haifo sauran, ina nan ina jira." Dillali ya naɗe igiyar awonsa ya yi gaba. Gonar tana nan har yau ba a raba ta ba, Auta ya fi kowace bishiya tsawo, kuma baƙo bai isa ya bar garinmu ba sai mun kai shi ya gaishe shi.

Da ma Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.