Munduwar Malam Sallau

Tun da aka fara sauya bawul ɗin zuciya ta jijiyar cinya, ba a tsaga ƙirji, aka kafa doka. Duk wanda aka yi wa aikin sai ya ɗaura munduwa mai karanta jininsa. Kore lafiya ne. In ta yi ja, zuciya ta jigata, motar asibiti za ta zo da kanta.

Ranar tashin maniyyata, munduwar Malam Sallau ta koma ruwan ɗorawa.

"Tanimu, ɗaura mini ita zuwa azahar," ya ce wa ƙanensa a zaure. "In asibiti suka ga kore, za su bar ni in hau jirgi."

"Yaya, in ka faɗi a can fa?"

"Ina ya fi can daɗin faɗuwa? Miƙo hannu."

Tanimu manomi ne, ko allura bai sani ba, kuma bai taɓa musa wa yayansa ba. Ya miƙa.

Suka zuba mata ido. Ɗorawar ta dushe, Sallau ya fara murmushi, sai munduwar ta yi jawur.

"Lalacewa ta yi," in ji Tanimu, yana matsa kafaɗarsa ta hagu, wadda tun damina yake cewa gajiyar fartanya ce.

Jiniya ta taso daga bakin titi. Sallau ya sauke jakarsa.