Mai Shuka Ciyawa

Yana ɗaga ledar rumfar da yake noman tumatir a ciki, ya tarar da manyan ƙudan zuman nan masu gashi suna rarrafe a ƙasa, sun kasa tashi. In babu su, tumatirinsa ba zai yi 'ya'ya ba.

"Garin furen tumatir kaɗai ba ya riƙe su," in ji matarsa. "Furen ciyawar bayan rumfa suke ci."

Ciyawar da ta shekara tana masa gori a kanta, har ya yi zuciya ya nome tas.

"Tsohuwa, ke fa kika ce in nome."

"Yaushe ka fara jin maganata, tsoho?"

Da yamma maƙwabta suka leƙo ta shinge, suka gan shi, babban malalacin garin Quillota, durƙushe, yana shuka ciyawa, yana ba ta ruwa.