Mai Wanke Kofunan Jibi

Sai da likita ya ce tsohuwar da ke wanke mana kofuna ta kusa cikawa, sannan mu dattawan ikkilisiya muka tuna ba mu ɗage mata horo ba. Shekara goma sha tara tana bencin baya, kan laifin da mu kanmu mun manta. An hana ta gurasa da ruwan inabin Jibin Ubangiji, amma in mun sha, ita ke wanke kofunan.

Muka je bakin gadonta, Fasto ya miƙa mata kofin Jibi. "Mama, an yafe. Ki sha."

Ruwa ma ya daina wuce mata. Ta juya kofin, ta ga busasshen tabo a bakinsa.

"Wa ke wanke su tun da na kwanta?"

Muka sunkuyar da kai.

Ta jawo gefen zanenta, ta shiga gogewa. "Haba, Fasto. A haka 'ya'yana ke sha?"