Rezar Yankan Cibi

Tun shekarar da aka daina karɓar kuɗin hannu, kowane kanti ya ajiye benci a ƙofa domin masu jiran ciko. Na'ura ba ta karɓar kati sai sayayya ta kai ƙa'ida, don haka mai ƙaramar buƙata sai ya jira wani su haɗa.

Uwani ta kasa zama a bencin. Ta baro 'yarta a kan gwiwa, ungozoma na jiran sabuwar rezar yankan cibi, ga shi abin da ke katinta bai kai ƙa'idar ba.

"Haba Tanimu, reza ɗaya fa!"

"Wallahi Inna, akwatin kayan ba ya buɗuwa sai na'ura ta yarda," in ji mai kantin.

Ta leƙa titi, ta dawo, ta sake leƙawa. Can sai ga wani dattijo, idanunsa jajir, yana neman allura da farin zare da 'yar kwalbar turare. Ba ta tambaya ba, ta san likkafani za a ɗinka.

"Malam, mu haɗa?"

Ya gyaɗa kai, ya miƙa katinsa. Na'ura ta duba kayan, ta ga rezar, ta ce cikin fara'a, "Barka da ƙaruwa, mai kati! Allah ya raya."

Uwani ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Dattijon ya ɗauki rezar, ya sa mata a tafin hannu.

"Amin," ya ce. "Hanzarta, baiwar Allah. Naki yana tafe, nawa ya riga ya tafi."