A Ƙara Maka?

"A ƙara maka, ɗana?" in ji matar gidan, ludayi a hannu.

Tun da makaranta ta turo yaron ƙasar nan a musayar ɗalibai, aka sauke shi a gidan mutanen nan, amsarsa ɗaya ce: "Na ƙoshi." Haka kakarsa ta koya masa: baƙo ya ƙi, a matsa masa, sannan ya karɓa. Sai dai nan babu mai matsawa. Kana cewa ka ƙoshi, sai a ce madalla, a ɗauke tukunya. Wandonsa har ya fara zamewa.

Yau cikinsa ya riga bakinsa, ya yi ƙugi har maigidan ya ajiye cokali.

"Wannan dai bai ƙoshi ba," in ji shi. "Kai da shi, wa za mu saurara?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "A ƙara, Mama."

Ta juye masa tukunyar kaf. Sai karen gidan, wanda ragowar abinci ta sa ya yi ƙiba tun zuwan baƙon, ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya leƙa kwanonsa ya ga wayam, ya juyo ya yi wa yaron kallon abokin da ya ci amana.