Zaman Dirshan a Kantin Wozniak

Noreen Gilhooly ce ta fara ɗarewa kan kujera, Cyprian Queen ya zauna kusa da ita. Sauran ɗaliban kwalejinmu ta Katolika suka jeru, kowa da carbinsa a hannu.

Duk Baltimore an san kantin abincin nan ba ya sayar wa baƙar fata. Cyprian kuwa shi ne baƙi na farko da kwalejin ta ɗauka, kuma shugabanta, limamin coci Fada Dunleavy, ya riga ya ja kunne: wanda ya jawo wa makaranta abin faɗa, ya tattara komatsansa. Noreen in an kore ta, ubanta na da shagon katako. Cyprian ba shi da inda zai dosa.

Ɗaliban cocin Baptis ne suka horar da su kan zaman dirshan, su kuma suka haddace darasin kamar karatun coci. Ka kalli gabanka. Kada ka saurari kowa, kada ka mayar da magana. Ka nemi burodi da nama, ka yi ta maimaitawa.

Mai kantin, wata tsohuwa 'yar Poland, ta fito daga madafa, ƙamshin suya na biye da ita. Cyprian ya kafa ido kan bango, daidai inda fenti ya fi haske da ramin ƙusa a sama, ya nemi burodi da nama.

Tsohuwa ta dubi hannunsa, ta ce ba ta bayarwa.

Ta shiga bayani da Turancinta mai kauri, sai Noreen ta tayar da waƙa, sauran suka amsa. Mu Katolika ba mu iya waƙa ba, wannan kowa ya sani, amma ranar Allah ya ba su makogwaro. Tsohuwa ta dire faranti a gefen gwiwar hannun Cyprian. Noreen ta raɗa masa cewa tarko ne, kada ya ko waiga. Bai waiga ba, ga yunwa na cin sa.

Tsohuwa ta yi ta zuwa tana komawa, kowane zuwa a nemi nama, ta hana. Da abin ya ishe ta, ta ɗauki waya. Ba 'yan sanda ta kira ba, kwaleji ta kira.

Da Fada Dunleavy ya turo ƙofa, waƙa ta mutu murus. Cyprian ya tuna uwarsa da ta goge masa rigar nan da safe, hawaye ya cika masa ido. Fada ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya cire hula, ya ja kujerar da ke gefensa ya zauna.

"In kora ce, ɗana, sai a fara da ni." Ya juya ga tsohuwa. "Madam Wozniak, abin da yaron nan ya nema, ni ma shi nake so."

Tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Haba Fada, har da kai? Allon nan na wariya da ke bango, ranar da aka binne mijina na cire shi na jefa a murhu. Ga kifin yaron nan har ya huce. Amma ɗan Katolika da carbi a hannu ya ci nama a kantina, yau Juma'a, ranar da coci ya hana mu nama?"