Taken Gidanmu

"Baba, duk amaren Zurmi kai kak kaɗa musu. Ni ɗai za a kai shiru?"

Autar tsohon makaɗin ce ke tambaya, hannuwanta jajawur da lalle. Tun zuwan Shari'a, da aka hana kiɗan biki, ya binne gangar kakansa a bayan rumbu don kada a ƙone ta. Shekara uku ke nan.

"Ko ɗaure ni za a yi, yau sai kin ji taken gidanmu."

Ya ɗauki fartanya ya tona har ya ga gangar, ya sa hannu biyu ya ɗago ta. Sai ta ruguje masa. Gara ta cinye itacen, ta bar ƙasa mai siffar ganga.

Yana nan durƙushe motar amarya ta tashi.